Tagar Bayan Motar Jumabek

La'asar ta yi sanyi lokacin da wayar ta shigo. Sufeto Orozov yana zaune a ofis, ya cire takalmi ɗaya yana matsa gwiwarsa da ta kumbura. Zafi ya kusa ƙarewa, baƙin da ke cika bakin tafkin Isik-Kul sun fara komawa babban birni Bishkek, shi kuwa tun zuwansu bai kwana da cikakken barci ba.

Saje Burul ta leƙo ta ƙofa. Mace ce mai jiki, ta kusa shekarunsa, sun daɗe suna aiki tare.

"Baike," ta ce, wato yaya a harshensu, "an tsinci gawa wajen ƙauyen Tosor. Tsohuwa ce, a cikin ruwa."

"Wanka ta shiga?"

"Da kayanta a jiki. Kuma an ɓalle tagar motarsu."

Ya daɗe yana kallon takalmin kafin ya sunkuya ya sa.

Da suka isa, an riga an jawo gawar kan yashi an lulluɓe ta da bargo. Wani mai kamun kifi ne ya hango ta a cikin ciyawar bakin ruwa. Sunanta Saltanat, tsohuwar malamar makaranta, ta zo hutu da mijinta da 'yarsu.

Orozov ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga bargon. Rigar sanyinta a rufe take da maɓallai har wuya, babu maɓallin da ya shiga ramin wani. Takalmanta masu igiya ne, an ɗaure su tamau, ɗauri biyu. Ya duba tafin hannunta da gwiwoyinta, babu ƙujewa ko ɗaya. A wuyan hannunta na dama akwai farin zane, inda munduwa ta daɗe a zaune.

Mijin yana zaune a kan dutse, wandonsa jiƙe har cinya. Dogon tsoho ne mai faɗin kafaɗa, Jumabek, ya yi rayuwarsa yana tuƙa manyan motoci zuwa Jamus.

"Allah ya ji ƙanta, Ata," in ji Orozov, yana kiransa baba da harshensu. "Ka gaya mini yadda aka yi."

"Ciwon mantuwa gare ta. Ba a barinta ita kaɗai." Muryarsa ba ta rawa. "Bayan mun ci abincin rana ta yi barci. Na kulle ta a mota, Bolot mai wurin nan ya ɗauke ni zuwa gari sayen maganinta. Da na dawo na tarar da tagar baya tana lilo. Babu ita, babu munduwarta ta azurfa."

"'Yarku fa?"

"Tana nan kusa. Ba laifinta ba ne."

Motar tana fake a ƙarƙashin bishiyoyi, tsohuwar farar motar tafi-da-gidanka, da gado da murhu da ɗan tebur a ciki. Filin ya kusa zama wayam, sai wasu motoci irinta a can nesa da bukkokin gashin tumaki da Bolot ke bayarwa haya.

Orozov ya san tagogin irin waɗannan motoci, don kowace shekara sai an kawo masa ƙararsu. Gilashin roba ne, 'yan sakatun ma roba, sukudireba ɗaya ta isa ta karya su. Amma wannan tsohon ya yi dabara. A kowace taga ya gitta sandar ƙarfe daga ciki, ya ɗaure ta da noti biyu masu kan da ba a kwancewa sai da wani ɗan makulli na musamman.

Kowace taga da ƙarfenta, ban da ta baya da ke saman gado. Sakatunta na roba sun karye, ga tabon sukudireba a jikin robar waje, an yi ta danna ta ba sau ɗaya ba. Ragar sauro kuwa an zuge ta sama lafiya lau, ko zare bai fita ba.

Ya fita ya tsaya ƙarƙashin tagar. Ta kai masa haɓa.

"Ata, ina ƙarfen wannan?"

"Ya lanƙwashe tuntuni, na cire na yar."

Orozov ya koma ciki, ya sa yatsa a ramukan notin. Suna ƙyalli. Inda sandar take zama fenti fari ne tas, gefensa kuwa ya dafe da ƙura. Ya goge yatsansa a wando.

Yana fitowa ya ji hayaniya. Mazan ƙauye ne suka jawo wani siririn mutum, bakinsa na jini, rigarsa a yage. Tilek ne, mai ɗora baƙi a kan doki suna ɗaukar hoto. Ya taɓa zaman gidan yari a kan fasa motocin 'yan yawon buɗe ido.

"Ga shi nan," in ji wani daga cikinsu. "An gan shi da dokinsa yana zagaya motocin nan da rana."

"Ku sake shi."

"Mu sake shi? Ya kashe uwar mutane."

"Ku sake shi a hannuna, na ce."

Burul ta tura Tilek bayan motar 'yan sanda. Orozov ya waiwaya. Jumabek yana tsaye yana kallon jinin da ke bakin mutumin, sai ya kawar da kai.

Da safe aka fito da Tilek daga sel. Idonsa ɗaya ya rufe da kumburi.

"Ina kake jiya da rana?"

"Ina kan tudu, ina kiwon dokina."

"Dokin naka ya bar kashinsa a bayan motar 'yan Kazakistan. Shi kaɗai ya je yawo?"

Tilek ya yi murmushi da gefen bakin da bai fashe ba. "To, na bi ta wurin. Kallo ai ba laifi ba ne, baike."

"Kallon naka mun san inda yake ƙarewa. Ka taɓa tagar tsohon?"

"Wallahi jiya ban taɓa ba."

"Jiya. Yaushe ka taɓa?"

Ya sosa ƙeya. "Farkon makon nan. Da hannu kawai, na ɗan ja ta baya in ji. Ko motsi ba ta yi ba. Na leƙa na ga ƙarfe a gicciye, na kama gabana. Tsohuwar ma tana zaune a kan gado tana kallon ruwa. Ta ɗaga mini hannu, ta ɗauka wani nata ne."

"Ta bayan ce ke da ƙarfe? Ka tabbata?"

"Ita na fara gwadawa, ai ita ce ba a gani daga hanya." Ya ɗago. "Baike, kai ka san ni. Na ɗauki waya, na ɗauki jaka. Yaushe na taɓa tsohuwa? Idan aka liƙa mini wannan ba zan sake ganin waje ba."

"Koma ka kwanta," in ji Orozov.

A hanyar komawa Tosor likita ya kira. Ruwa ne ya kashe ta, babu duka, babu shaƙa, babu rauni ko na farce. Ya ƙara da cewa ɗanta da ke Mosko ya yi ta kira, yana so a ba su gawa su binne.

"Tsohuwa ta diro daga tagar da ta kai maka haɓa, ba ta ƙuje ba," in ji Burul tana tuƙi.

"Na gani."

"Kana so ya zama Tilek ne, ko?"

"Ina so in je gida in sa ƙafata a ruwan zafi."

Sun sami 'yar, Meerim, zaune a bakin wata bukka da kofin shayi da ya huce a hannunta. Ba ta wuce arba'in da ɗoriya ba, amma furfura ta cika gaban kanta. A hannunta na hagu akwai shatin haƙora, wani sabo, wani ya fara warkewa.

"Jiya kin ce wa Saje kina wanki a bayan bukkokin nan."

"Haka ne."

"Matar Bolot ta ce an ɗauke ruwan famfo tun safe, bai dawo ba sai yamma."

Meerim ta ajiye kofin.

"Barci na yi," ta ce. "Na shiga waccan bukkar da babu kowa, na ja bargo. Ata ne ya ce in je, ya ce ya kulle ta, ba abin da zai faru. Rabona da barcin da ba na kasa kunne, na manta. Ban farka ba sai da na ji ihun mutane." Ta share ido da bayan hannu. "Uwata tana shan ruwa ina munshari. Ka rubuta haka."

"Ba zan rubuta haka ba. Ƙarafan tagogin nan, don ɓarayi aka sa su?"

"Da farko. An taɓa shigar mana a garin Colpon-Ata, aka kwashe komai. Daga baya suka zama don ita. Ta taɓa zura ƙafa ta taga muna cikin tafiya."

"Wa ke riƙe makullinsu?"

"Yana jikin makullan motar. Ata ba ya ba kowa."

Burul ta zauna kusa da ita, ta dafa kafaɗarta. "Ƙanwata, Apa, mahaifiyar taki, tana iya sa kayanta da kanta?"

"Ina fa. Riga ma a kai take sa ta kamar ɗankwali."

"Takalmi fa?"

"Ta manta yadda ake ɗaure igiya tun bara. Ni ma ba ta bari in taɓa ƙafarta, cizo take yi. Ata kaɗai take miƙa wa ƙafa."

Tana rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Ta dubi Burul, ta dubi Orozov. Ta buɗe baki kamar za ta gyara maganar, sai ta dafe shi da hannu biyu.

Bolot yana bayan kicin yana jera tukwanen gas. Ya ga Sufeto ya hau fara'a, yana tambayar ko a kawo shayi.

"Kai ka kai Jumabek gari jiya?"

"Ni na kai shi, ni na dawo da shi."

"Wane kantin magani kuka shiga?"

"Na kusa da kasuwa."

"Ya shiga, ko kai ka shiga?"

"Tare muka shiga."

"To mu je yanzu mai kantin ya gan ka, in nuna masa hoton tsohon. Idan bai gane shi ba, a sel ɗin Tilek za ka kwana, kuma ka san yana da surutu."

Fara'ar ta bar fuskar Bolot. Ya zauna a kan tukunyar gas.

"A mararraba ya sauka. Ya ce cikinsa na murɗa, ya ba ni kwalin maganin ya ce in sayo. Da na dawo na tarar da shi a mararrabar yana jirana, muka shigo tare. Bayan abin ya faru ya kama hannuna ya ce in ce tare muka je, kada 'yarsa ta ga laifinsa." Ya buɗe hannuwa. "Sa'an mahaifina ne, matarsa na kwance a yashi. Me zan ce masa?"

"Da suna dukan Tilek fa, me ka ce musu?"

Bolot ya sunkuyar da kai.

Jumabek yana zaune a kujerar direba, hannuwansa a kan sitiyari, motar a kashe. Orozov ya buɗe ɗaya ƙofar ya hau, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ta gilashin gaba ana ganin tafkin, da duwatsun da ƙanƙara ta rufe a hayin ruwa.

"Ata, ka ba ni makullanka."

Tsohon ya zaro su daga aljihu ya miƙa. Ga ɗan makullin a tsakiyarsu.

"Ina sandar?"

Tsohon ya mayar da hannuwansa kan sitiyari.

"Bolot ya faɗi inda ya sauke ka. Tilek ya ga ƙarfen a tagar farkon makon nan. Wanda ya ɗaure mata takalmi kuma, ka fi ni saninsa." Orozov ya murza idanunsa. "Na gaji, Ata. Ba ni da ƙarfin yi maka tsawa. Amma akwai mutum a sel da fasasshen baki, kuma idan na mayar da shi kotu da wannan, zai tsufa a can. Ɓarawo ne, na sani. Wannan dai ba aikinsa ba ne."

Jumabek ya sunkuya a hankali, ya zura hannu ƙarƙashin kujerarsa, ya jawo sandar ƙarfen. Ko lanƙwasa babu. Ya ɗora ta a kan cinyar Sufeto. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da munduwar azurfa, amma ita bai miƙa ba.

"Ban san za su kama wani ba," ya ce. "Na ɗauka za a ce ɓarawo, a neme shi a rasa."

"Faɗa mini daga farko."

"A gefen nan aka haife ta. Shi ya sa na kawo ta, ko za ta tuna wani abu. Tun da muka zo take nuna ruwan tana cewa in kai ta gida. Safe da yamma. Jiya da na dawo daga mararraba na tarar ta farka, ta ce mini, 'Malam, ka san hanyar gidanmu?' Malam take ce mini yanzu. Na ce na sani."

Ya juya munduwar a hannunsa.

"Na sa mata rigar sanyi. Na ɗaure mata takalmi. Na cire wannan, na ce kada ta jiƙe. Muka bi ta cikin ƙayoyin can inda ba a ganin mutum. A bakin ruwa na saki hannunta. Ta shiga tana kiran ƙanwarta da ta rasu tun suna yara. Na zauna a kan yashi."

"Ka kira ta?"

"Ban kira ba."

"Ta waiwayo?"

"Sau ɗaya. Ban san ko ni take kallo ba."

Wata mota ta wuce a kan hanya, ƙararta ta yi nisa. Orozov ya jira.

"Da na dawo na ɗauki sukudireba na zagaya baya. Robobin suka karye nan take, amma tagar ta ƙi buɗuwa. Na danna, na danna. Aikin hannuna ne, ya riƙe." Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Sai da na shiga ciki na kwance shi da kaina."

"Me ya sa jiya, Ata? Shekaru kana ɗauke da ita."

Tsohon ya rufe munduwar a tafin hannunsa.

"Watan jiya na je kasuwar unguwarmu sayen burodi. Na fito na tsaya a bakin titi, ban san ta ina gida yake ba. Ni da nake kai kaya Hamburg ba tare da na tambayi kowa hanya ba. Wata mata ce ta duba wayata ta raka ni. Na je wurin likitan Saltanat a ɓoye, ya yi mini tambayoyin da na ji yana yi mata a farko. Na gane amsar a fuskarsa." Ya dubi Orozov a karo na farko. "Ka ga hannun Meerim? Ta bar aikinta. Mijinta ya kwashe yaran zuwa gidan uwarsa. Ɗan'uwanta yana aiko da gaisuwa ta waya. Mutum ɗaya ta mayar da ita haka. Ta ina za ta ɗauki biyu?"

"Ka tambaye ta?"

"Da na tambaya, cewa za ta yi za ta iya."

Orozov ya ajiye sandar a ƙasa. Ya ji nauyin jikinsa gaba ɗaya, kamar ba zai iya sauka daga motar ba.

"Dole in tafi da kai."

"Na sani."

Burul ta taho da ankwa a hannu. Orozov ya girgiza mata kai, ta mayar aljihu.

Meerim tana tsaye tsakanin motar da bukkoki. Ba ta matso ba, ba ta kuma ja da baya ba. Mahaifinta ya tsaya a gabanta ya miƙa mata munduwar. Ta dube ta, ta dube shi.

"Ka ce in je in yi barci," ta ce a hankali.

"Kina bukatarsa, 'yata."

Ba ta karɓa ba. Ya sunkuya ya ajiye munduwar a kan benci kusa da kofin shayinta, ya wuce. Burul ta ce za ta zauna ta raka ta asibiti karɓar gawa, Orozov ya karɓi tuƙi.

Ya sa tsohon a kujerar gaba. Daga mararraba ya kira ofis ya ce a saki Tilek, a wanke masa baki, a ba shi abinci kafin ya tafi. Suka wuce matan da ke sayar da busasshen kifi a bakin hanya, suka wuce gonakin tuffa. Jumabek yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, yana bin titin da ido irin na tsohon direba.

Sun kusa shiga gari ya fara laluben aljihunsa, na dama, na hagu, na ƙirji. Ya juyo, fuskarsa cike da damuwa.

"Ɗana, wa muka bari a wurin Saltanat? Ba a barinta ita kaɗai."

Orozov bai ɗauke ido daga hanya ba.

"Meerim tana wurinta, Ata."

"To, madalla," in ji tsohon. Ya jingina da kujera ya lumshe ido.